Sana'ar Alƙalami A Kasuwannin Intanet: Ribarta, La'adarta Da Ramukanta

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wajen wani taron ƙara wa juna sani na matasan Arewa mazauna Ikko da kewayenta, a kan neman abinci ta hanyar rubutu da fassara a kasuwannin aiki na intanet. An buga shi nan dungum domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Abin da ya tara jama'a a yau shi ne wata sana'a wadda labarinta ya bazu cikin 'yan shekarun nan, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende har zuwa Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, watau rubutu da fassara waɗanda mutum kan yi a cikin ɗakinsa, a biya shi daga wata ƙasa mai nisa, alhali bai taɓa sa wanda ya ba shi aikin a ido ba. Waɗansu matasa sun ɗauke ta tamkar rijiyar dala, wadda ba ta bukatar kome sai guga. Waɗansu iyaye kuwa, da zarar sun ga yaro ya duƙufa a kan kwamfuta da tsakar dare, sai gabansu ya faɗi, su soma tunanin ko ya shiga sahun 'yan damfara ne. Kowane ɓangare yana da abin gyara a cikin fahimtarsa. Saboda haka maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda kasuwar take, da waɗanda ke cin rabo a cikinta, da abin da kan saura a hannun marubuci bayan kowa ya cire nasa, sa'an nan a nuna ramukan da ke bisa hanya.

Tsohuwar sana'a ce

Sayar da rubutu ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen da ke zaune a Kurmi. Dattawan da ke wannan wuri suna iya tuna mai rubuta wasiƙa, wanda kan kafa ɗan teburinsa a bakin gidan waya ko a ƙofar kotu, da alƙalaminsa ko tafiretarsa, lebura ya zo ya tsuguna ya faɗi saƙonsa zuwa gida, mai gidan haya ya zo a rubuta masa yarjejeniya, mai ƙara ya zo a tsara masa takardar koke, kowa ya biya gwargwadon tsawon takardarsa. Kafin wannan ma, malaman zaure su ne ke rubuta wa fatake wasiƙu da ajami. Wannan mutum ba ma'aikacin kowa ba ne, ba ya jiran albashi a ƙarshen wata, kuma ranar da ba a zo ba, ranar ba shi da ko kwabo.

A ɗaya gefen kuma akwai masu rubutu na albashi, tun daga Hukumar Fassara wadda aka kafa a Kano a shekarar 1929 aka mayar da ita Zariya daga baya, har zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta soma fitowa a shekarar 1939, Abubakar Imam yana editanta. Marubucin intanet na yau jikan mai teburin bakin gidan waya ne. Abin da ya sauya shi ne girman kasuwa: wancan yana jiran mutanen unguwarsa, wannan kuwa yana jiran mutanen duniya, amma tare da shi akwai dubban masu tebur daga Kenya da Indiya da Pakistan da Filifin, duk suna jiran mutum guda.

Dillali da maigida

Wanda ya san cinikin shanu ko na goro a Kudu ba zai sha wuyar gane wannan kasuwa ba. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun a shekarar 1916, tsarin da ya riƙe cinikin shanu shi ne na maigida da dillali. Falke ya kawo shanu daga Arewa, bai san mahautan garin ba, su ma ba su san shi ba. Sai ya sauka a wurin maigida, dillalin maigida ya nemo mai saye, a ba da shanu bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni, a cire la'ada. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ya nazarci wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a shekarar 1969. Abin da ya sa tsarin ya ɗore shi ne, mutum biyu da ba su san juna ba sun sami na uku wanda dukansu suka amince da shi.

To, kamfanonin da ake magana a kansu yau aikin maigida da dillali suke yi. Mafi shahara su ne Upwork da Fiverr da Freelancer. Upwork na ƙasar Amurka ne, ya samu ne daga haɗewar kamfanoni biyu, Elance da oDesk, waɗanda suka sanar da haɗuwarsu a ƙarshen shekarar 2013, aka raɗa masa sunan da yake amsawa yanzu a shekarar 2015. Fiverr an kafa shi ne a birnin Tel Abib a shekarar 2010, kuma sunansa ya samo asali ne daga dala 5, domin da farko kowane aiki a kan wannan farashi ake sayar da shi. Freelancer kuwa na birnin Sidni ne a ƙasar Ostareliya, an kafa shi a shekarar 2009. Ban da waɗannan akwai ProZ, wanda ya soma a shekarar 1999, shi kuwa dandali ne na masu fassara zalla.

Tsarin cinikinsu iri biyu ne. A Upwork da Freelancer, mai ba da aiki ne ke fitowa ya ce ga abin da yake so, masu neman aiki su aika masa da takardun tayi, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai. A Fiverr kuwa marubuci ne ke baje hajarsa, ya rubuta cewa yana fassara kalmomi kaza daga Turanci zuwa Hausa a kan kuɗi kaza cikin kwana kaza, sa'an nan ya zauna jiran mai saye, kamar dai mai shago.

Babban amfanin waɗannan kamfanoni shi ne ajiyar amana. Idan aka yi ciniki a kan tsayayyen farashi, mai ba da aiki yakan zuba kuɗin a hannun kamfani tun kafin a ɗora alƙalami a takarda. Marubuci ya gama ya miƙa, mai aiki ya duba ya amince, sai a sakar masa kuɗinsa. A Upwork, idan mai aiki ya yi shiru har kwana 14 bayan an miƙa masa, kuɗin kan fita da kansu. A Fiverr kwana 3 ne ake ɗaukar shiru a matsayin amincewa, amma sai sabon mai sayarwa ya ƙara jiran kwana 14 kafin ya iya cire kuɗin. Idan kuwa aikin na awa-awa ne, Upwork yana da wata manhaja da ke ƙirga lokaci, tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutar marubuci sau ɗaya a cikin kowane minti 10, domin mai biya ya tabbata aikinsa ake yi.

Bayan kowane ciniki kuma, mai ba da aiki yakan ba marubuci taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta shaida a kansa wadda kowa zai iya karantawa. Wannan shaida ita ce jarin marubuci. Kamar yadda mahaucin da ya taɓa cin bashin shanu ba ya sake samun lamuni a kara, haka marubucin da ya saɓa wa'adi sau biyu ko uku zai ga kasuwa ta juya masa baya, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba.

Ina rabon Bahaushe?

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. Matashin da ya shiga kasuwar da niyyar rubuta maƙaloli na Turanci a kan kowane irin batu, ya shiga layin da ya fi kowane tsawo, inda farashi ya fi karyewa, inda kuma masu ba da aiki da yawa suka fi son wanda aka haifa cikin Turanci. Ana iya cin nasara a can, amma sai ga wanda ya ƙware a wani fanni na musamman, kamar aikin jinya ko lissafin kuɗi ko shari'a ko noma, har ya zama yana rubuta abin da ba kowa ne ya sani ba.

Inda layi ya fi gajarta shi ne wajen harshen Hausa. Ƙungiyoyin kiwon lafiya da na agaji suna bukatar a mayar musu da saƙonni cikin Hausa. Kamfanonin waya da bankuna da masu ƙera manhajoji suna so abokan cinikinsu su ga umarni cikin harshen da suke ji. Masu bincike sukan ɗauko hira da manoma ko mata a ƙauyuka, su nemi wanda zai saurara ya kwafe maganar a rubuce, sa'an nan ya fassara. Akwai rubuta fassara a ƙasan finafinai, akwai kuma aikin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan, na rubuta jimloli da tace su domin koya wa na'ura harshe. A irin waɗannan ayyuka mutumin Indiya ko na Filifin ba abokin takara ba ne.

Yaron da ya tashi a Agege ko Sabo yana da wata baiwa wadda takwaransa na Kano ko Sakkwato bai cika samu ba, domin sau da yawa yana jin Hausa da Yarbanci da Turancin Buroka da Turancin makaranta, kuma ya saba da zama da kowane irin mutum. Amma yana da rauni guda wanda tilas ne ya yarda da shi: yawancin 'ya'yan Hausawa na Kudu ba su taɓa koyon rubutun Hausa a aji ba. Jin harshe daban, iya rubuta shi bisa ƙa'ida daban. Wanda bai bambanta kafa da ƙafa ba a rubuce, ko baki da baƙi, ko daka da ɗaka, ko kuwa yana haɗe "shi ne" da "ya ce" ya mayar da kowannensu kalma ɗaya, ko bai san inda ake rubuta "a kan" da inda ake rubuta "akan" ba, to, ranar da aikinsa ya faɗa hannun mai tacewa wanda ya san ƙa'ida, ranar ce ta ƙarshe da wannan kamfani zai neme shi. Haka kuma ya kamata ya san cewa Hausar da ake rubutawa a Nijar tana da ɗan bambanci da ta Nijeriya, musamman wajen kalmomin aro, inda can ake ɗaukowa daga Faransanci, nan kuwa daga Turanci. Saboda haka kafin ya karɓi aiki sai ya tambaya, su wa za su karanta?

Maganin wannan rauni ba shi da tsada. Akwai ƙamusun Bargery na shekarar 1934, akwai na Abraham na 1949, akwai kuma Ƙamusun Hausa wanda Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar a shekarar 2006, ga littattafan ƙa'idojin rubutu da ake koyarwa da su a makarantun sakandare. Wata uku na karatu da gwaji kowace rana sun isa su fitar da mai himma daga sahun masu rubutu da ka.

Lissafin riba

Yanzu sai a zo ga kuɗi, inda yawancin masu ba da labarin wannan sana'a kan faɗi rabin magana su bar rabi. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya mai sayarwa. Upwork ya mayar da la'adarsa kashi 10 cikin 100 a shekarar 2023, sa'an nan a shekarar 2025 ya koma wani tsari inda la'adar kan sauya daga aiki zuwa aiki, tana iya kaiwa kashi 15. Bugu da ƙari, a Upwork neman aikin ma kansa da kuɗi ake yi, domin kowace takardar tayi tana cin waɗansu tikiti da kamfanin ke sayarwa a kan senti 15 kowane ɗaya, ban da 'yan kaɗan da akan bayar kyauta.

A ɗauki misali. Marubuci ya sami fassarar dala 50 a Fiverr. Kamfani ya cire dala 10, saura 40. Idan aka ƙaddara canji a kan naira 1,500, ya tashi da naira 60,000 kafin banki ya cire nasa. Wanda ya tuna cewa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar 2024 naira 70,000 ne a wata, zai ce ai wannan ganima ce. Amma sai a tambaya, kwana nawa aikin ya ci, har da gyare-gyaren da mai shi ya dawo da su? Ayyuka nawa irinsa suka shigo a cikin watan? Ga sabon shiga, ba abin mamaki ba ne wata guda ya wuce, ko biyu, ba a ko taya ba. Haka kuma a Upwork, in aka ƙaddara kowace takardar tayi ta ci tikiti 10, watau dala ɗaya da rabi, wanda ya aika takarda 20 kafin ya dace ya riga ya kashe dala 30 daga aljihunsa.

Sa'an nan ga kuɗin kayan aiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da janareta ya zama abin da sai an yi shawara. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wutar lantarki ga unguwannin da ke rukunin farko zuwa naira 225 kowane ma'auni, a watan Janairu na 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Mai ba da aiki da ke Landan ko Niyok bai san an ɗauke wuta a Mushin ba, kuma ba ruwansa. Wa'adi kawai ya sani. A ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa sun kwana da aiki a hannu babu hanyar miƙawa. Don haka mai hankali ba ya ajiye miƙa aiki sai awar ƙarshe, kuma yakan tanadi layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Akwai kuma bambancin lokaci: Niyok tana bayan Nijeriya da awa 5 ko 6 gwargwadon yanayin shekara, Kalifoniya da awa 8 ko 9. Wannan shi ne dalilin zaman dare da ke tayar wa iyaye hankali.

Kawo kuɗi gida

Samun dala a allon kwamfuta ba shi ne samun ta a hannu ba. Kamfanin PayPal, wanda ya fi kowane shahara wajen biyan kuɗi ta intanet, ya shigo Nijeriya a shekarar 2014, amma ya shafe shekara da shekaru yana barin 'yan ƙasar su biya kawai, ba su karɓa. Wannan ne ya sa yawancin masu wannan sana'a suka dogara ga Payoneer, wani kamfanin Amurka da aka kafa a shekarar 2005, ko kuwa su sa a turo musu kai tsaye zuwa bankinsu na gida, ko cikin asusun kuɗin waje. Kowace hanya tana da abin da take cirewa, kuma kowace tana da farashin canjinta, saboda haka sai a gwada a gani kafin a zaɓa. Sharaɗi guda da ba a sassautawa shi ne, sunan da ke kan shafin marubuci ya zama daidai da wanda ke kan katin shaidarsa da asusun bankinsa. Wanda ya yi rajista da laƙabi, ko ya rubuta Muhammadu a nan Mamman a can, zai ga kuɗinsa sun maƙale.

Canjin kuɗi kuwa takobi ne mai kaifi biyu. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake canzawa a hukumance a kan wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024 kuma ta wuce 1,500. Mai karɓar dala ya ga kuɗinsa sun ninka a lissafin naira, amma kwamfuta da batir da faifan hasken rana da zai saya su ma da dala ake shigo da su. Kuma abin da ya hau yana iya sauka. Wanda ya ɗauki hayar gida ko ya sa ranar aure bisa lissafin canjin wata guda ya gina ɗaki a kan yashi.

Akwai kuma haƙƙin hukuma. Sabuwar dokar haraji wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar soma aiki da ita, ta yafe haraji ga naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, amma mazaunin Nijeriya ana lissafa masa abin da ya samu ko daga wace ƙasa ya fito. Ya wajaba marubuci ya buɗe littafi, ya riƙa shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita, kamar kowane ɗan kasuwa.

Ramukan da ke bisa hanya

Rami na farko shi ne ƙarya wajen rajista. Saboda mummunan sunan da 'yan damfara suka jawo wa ƙasar nan, waɗansu masu ba da aiki sukan kau da kai da sun ga an rubuta Nijeriya. Wannan zalunci ne ga mai gaskiya, amma maganin da waɗansu ke nema ya fi cutar muni, watau su sayi shafin wani Ba'amurke ko su yi hayarsa, ko su ɓoye inda suke da wata manhaja. Kamfanonin kan nemi katin shaida, wani lokaci har su bukaci ganin fuskar mutum ta bidiyo. Ranar da asiri ya tonu za a rufe shafin, taurarin da aka tara shekara biyu su tafi a banza, kuɗin da ke ciki kuma su shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ga mai fassarar Hausa ma, zama a Nijeriya ai shaida ce a gare shi.

Rami na biyu shi ne macuta da ke shigowa da rigar masu ba da aiki. Alamominsu sanannu ne: wanda ya ce a biya kuɗin rajista ko na horo kafin a ba da aiki, wanda ya nemi gwaji kyauta mai shafi biyar ko goma, wanda tun a saƙon farko ya ce a bar dandalin a koma Telegram ko WhatsApp. Duk wanda ya fita daga dandali ya fita daga inuwar maigida, babu ajiyar amana, babu wurin kai ƙara. Daɗin daɗawa, dokar Upwork ta hana karɓar kuɗi a waje daga wanda aka haɗu da shi a dandalin har tsawon shekara 2, sai in an biya kamfanin wani kuɗi na fansa.

Rami na uku shi ne rubuta wa ɗalibai aikin makaranta. Wannan harka ta ciyar da dubban matasa a Kenya shekaru da yawa, kuma tana da saurin kuɗi, amma taimaka wa mutum ne ya karɓi takardar shaidar ilmin da ba shi da shi. Ƙasar Ostareliya ta haramta ta a shekarar 2020, Ingila ta bi sahu a shekarar 2022. Haka nan kwafe rubutun wani a sayar da shi a matsayin sabo sata ce, akwai manhajojin da ke gano ta cikin ƙiftawar ido, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a shekarar 2023, ta shafi abin da ke kan intanet.

Rami na huɗu shi ne dogara ga dandali guda. Marubutan littattafan Hausa da yawa sun sa littattafansu a OkadaBooks, wani dandalin Nijeriya da aka kafa a shekarar 2013, sai ga shi ya rufe a ƙarshen watan Nuwamba na 2023. Shago na mai kasuwa ne, yana iya ƙara la'ada ko ya sauya doka ko ya rufe ƙofa ba tare da ya shawarci ɗan haya ba. Mai dabara yakan riƙe dandali biyu, ya kuma nemi abokan ciniki na gida, kamar kamfanonin talla da ƙungiyoyi da gidajen buga littattafai da ke nan Ikko da Badun, waɗanda za su iya ganinsa ido da ido.

Batun na'ura

Ba za a rufe wannan jawabi ba sai an taɓo abin da ya fi kome girgiza sana'ar. A ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, manhajar da ke rubuta maƙala cikin daƙiƙoƙi. Binciken da masana suka yi a kan waɗannan kasuwanni bayan fitowarta ya nuna cewa ayyukan rubutu na daga cikin waɗanda suka fi raguwa. Ƙananan maƙaloli masu arha, waɗanda a da sababbin shiga ke fara cin abinci da su, su ne na'ura ta fara haɗiyewa. A wajen fassara ma, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa tun a watan Disamba na 2013, kuma fassarar na'ura ta ƙara kyau ƙwarai tun daga lokacin. Yanzu masu ba da aiki da yawa sukan sa na'ura ta fassara, sa'an nan su nemi mutum ya gyara a kan farashin da bai kai na fassara ba.

Duk da haka, na'ura tana tuntuɓe a Hausa fiye da yadda take yi a Turanci, domin abin da aka rubuta da Hausa wanda za ta koya daga gare shi kaɗan ne. Takan rikita namiji da mace, takan fassara karin magana kalma da kalma, takan kawo jimlar da kowace kalma a cikinta Hausa ce amma ba Bahaushen da zai faɗe ta. A takardar da ke bayyana yadda za a ba yaro magani, kuskure guda yana iya zama sanadin rai. Wanda za a ci gaba da biya shi ne wanda zai iya cewa nan na'ura ta yi daidai, nan ta kauce, ga kuma dalili. Wanda kuwa ya karɓi aiki ya zuba wa na'ura ya miƙa ba tare da ya duba ba, ya sayar da abin da mai aikin zai iya samu kyauta, kuma ba zai daɗe ba a gane shi.

Kira ga iyaye da shugabanni

Iyaye suna da haƙƙin su tambaya, kuma tambayar tana da sauƙi. Mai sana'ar gaskiya yana aiki da sunansa da hotonsa, yana iya nuna aikin da ya yi, da sunan wanda ya ba shi, da takardar biyan da ta fito daga dandali. Kuɗinsa kan zo kaɗan-kaɗan, gwargwadon wahalarsa. Wanda ke amfani da sunan wata Baturiya, kuɗi kuma suka sauko masa dare ɗaya, wannan wata harka ce daban, kuma dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015 da hukumar EFCC suna jiransa. Ya kyautu matashi ya riƙa ajiye waɗannan shaidu a wayarsa, domin kowa ya san yadda tsare matasa masu ɗauke da kwamfuta a kan hanya ya zama ɗaya daga cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar watan Oktoba na 2020.

Ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin unguwanni kuwa, akwai abin da za su iya yi wanda bai fi ƙarfinsu ba: ɗaki guda mai wutar hasken rana da intanet, da malamin Hausa mai zuwa sau biyu a mako ya koyar da ƙa'idojin rubutu. Wannan zai amfani 'yan mata da matan aure masu ilmi musamman, waɗanda sana'ar ta dace da su domin ana yin ta daga cikin gida.

Ga matasa, shawara ita ce kada kowa ya saki sana'ar da ke hannunsa, ko shago ne ko gadi ko koyarwa, saboda labarin dala. A fara da awa biyu ko uku a rana, a tanadi samfurin aiki guda uku masu kyau, a karɓi ƙaramin aiki a gama shi kafin wa'adi, a riƙe littafin lissafi. Bayan wata shida littafin zai nuna wa mutum ko ya ƙara ƙaimi ko ya nemi wata hanya.